Aci-bal-bal, gwangwani da kwalabe huɗu marasa suna

Wata ɗaliba daga Unguwar Rogo a nan Jos, mai shirin jarrabawar IJMB ta neman shiga jami'a, ta aiko mini da tambaya biyu a haɗe. Ta farko: sun ƙona itanol a ɗakin gwaji don su auna zafin da yake fitarwa, lissafinta ya ba ta 836, littafi kuwa ya ce 1367, har da alamar ragi a gabansa. Tana so ta san ko sanyin Jos ne ya cinye sauran, da kuma amfanin wannan alamar ragi. Ta biyu: an ba su kwalabe huɗu babu suna, aka ce itanol ne da furofanal da furofanon da asid ɗin itanoyik. Ta yi gwaji biyu, kowanne ya nuna mata kwalba biyu maimakon ɗaya, sai ta ruɗe ta ajiye aikin.

'Yata, sannu da ƙoƙari. Kin kyauta da kika turo alƙalumanki gaba ɗaya, domin da yawa daga cikin ɗalibai idan lissafi ya ƙi, sai su leƙa littafi su gyara ma'aunin zafin ya zo daidai, su miƙa wa malami. Mu da muka daɗe muna duba irin waɗannan takardu, da mun ga ɗalibi ya samu 1360 da gwangwani da fitila, mun san ƙarya ce tsagwaronta. 836 ɗinki ya fi mini daraja.

Bari mu bi sawun lissafin naki. Kin zuba ruwa giram 200 a gwangwani, ma'aunin zafi ya tashi daga 19 zuwa 39, wato ƙarin digiri 20. Kin auna fitilar kafin ki kunna da bayan kin kashe, ta ragu da giram 0.92. Kowane giram na ruwa yana buƙatar jul 4.18 (jul shi ne awon yawan zafi ko ƙarfi) kafin zafinsa ya hau digiri ɗaya, saboda haka 200 sau 4.18 sau 20 ya ba ki jul 16,720, wato kilojul 16.72. Mol shi ne mudun da masana sinadarai suke auna yawan sinadari da shi. Nauyin mol ɗaya na itanol giram 46 ne, 0.92 ɗin nan kuwa mol 0.02 ke nan. Ki raba 16.72 da 0.02, ga 836, wato kilojul 836 a kowane mol. Babu kuskure ko ɗaya a hannunki. Abin da kika auna shi ne zafin da ya shiga ruwan. Abin da littafi ya rubuta shi ne zafin da ya fita daga itanol ɗin. Tsakanin harshen wutar da cikin gwangwanin akwai hanya, kuma a hanyar ne aka yi miki fashi.

Ki tuna yadda abin yake a gabanki ranar. Fitilar nan ta ɗakin gwaji ba ta da maraba da aci-bal-bal: kwalba, lagwani, wuta a buɗe. Idan kika kai bayan hannunki kusa da gefen gwangwanin za ki ji ɗumi, wannan ɗumin kuwa zafi ne da bai taɓa shiga ruwanki ba. Gwangwanin kansa ya sha nasa, ƙarfen da ya riƙe shi ya sha, ma'aunin zafin ma ya ɗan lasa. Sannan ki juya gwangwanin ki dubi gindinsa. In kin ga kunkunniya, baƙi ya shafu a yatsa, to wani ɓangare na kabon ɗin bai ƙone ya zama iskar kabon dayoksaid, wato CO₂, ba, ya tsaya a hanya, kuma kabon da bai gama ƙonewa ba bai biya duk zafin da ake binsa ba. Akwai kuma ɓarawo na uku da ɗalibai ba sa lura da shi. Da kin hure wutar, lagwanin yana nan da zafi, itanol yana ci gaba da tashi sama a matsayin tururi kafin ki kai fitilar kan sikeli. Sikeli zai ce an ƙona 0.92, alhali wani abu daga ciki iska ce ta ɗauke. Shi ya sa ake cewa a kashe da murfi, a bar murfin a kai har a auna.

Sanyin Jos fa? Ki wanke shi daga wannan laifi, ko aƙalla daga mafi yawansa. Gaskiya ne alƙaluman littafi an tsayar da su a kan digiri 25, wato 298 a ma'aunin Kelvin, da matsin iska kilofaskal 100. Mu kuwa muna zaune a kan tudu mai tsawon kusan mita 1,200, matsin iskarmu bai kai 90 ba, shi ya sa ruwa yake tafasa mana a wajen digiri 96, wake kuma yake ja wa mata rai a kan murhu. Amma bambancin da wannan zai kawo a zafin ƙonewar itanol ƙanƙane ne ƙwarai, ba zai kai kusa da 531 da kika rasa ba. In akwai hannun garin nan a ciki, to iskar hunturu ce da take shigowa ta tagar da gilashinta ya fashe tana kaɗa harshen wutar gefe. Ki kewaye fitilar da kwali ko bulo, ki rufe bakin gwangwanin, ki rage tazarar wuta da gindinsa, ki riƙa motsa ruwan. Za ki ga lambar ta hau. Ba za ta kai 1367 ba ko da kin kwana kina yi, domin wancan an same shi ne da wata na'ura ta ƙarfe mai kauri, rufaffiya ruf, wadda ake cika ta da oksijin zalla a nutsar da ita cikin ruwa a kunna wutar da lantarki. Bafaranshen nan Marcellin Berthelot ne ya shahara da ƙera irinta a ƙarni na 19.

Yanzu alamar ragi. Entalfi, wato ƙarfin da ke ajiye a cikin sinadari, wanda ake rubutawa da H, ba a iya auna shi kai tsaye. Canjinsa ake aunawa, ΔH, wato zafin da ya shiga ko ya fita lokacin da sinadarai suka sauya a ƙarƙashin matsin iska da bai canja ba. Abin da ke rikita ɗalibai shi ne suna tsayawa a gefen ma'aunin zafi suna kallo: sun ga ya hau, sai zuciyarsu ta ce ƙari ne. Amma littafin ajiyar na sinadaran ne. Ki ɗauka asusun banki ne. Itanol da oksijin sun tura zafi waje, alat ɗin cire kuɗi ya shigo musu, ruwan da ke gwangwani shi ne ya karɓi kuɗin. Don haka amsarki ita ce −836 kJ (kilojul) a kowane mol, kuma in kin bar alamar nan a jarrabawa maki ya tafi, ko da lambar ta yi daidai.

Kina ganin irin wannan a unguwa kullum. Matan da ke haɗa sabulu idan suka zuba soda a ruwa, robar takan yi zafi har ba ta taɓuwa: narkewar sodar, wato sodiyam haidiroksaid (NaOH), tana fitar da kusan kilojul 44 a kowane mol, alamarta ragi. Kishiyarsa kuma randa ce. Ruwan da ke tsattsafowa ta jikin yumɓu yana tashi sama, kuma kafin mol ɗaya na ruwa, giram 18 kacal, ya zama tururi a zafin ɗaki sai ya sha kusan kilojul 44 daga abin da ke kewaye da shi. Wannan alamarsa ƙari ce, ruwan cikin randa kuma ya yi sanyi. Da wannan hikimar ce Mohammed Bah Abba na Jigawa ya yaɗa tukunya cikin tukunya da jiƙaƙƙen yashi a tsakani don adana kayan miya, har ya samu lambar yabo ta Rolex a shekarar 2000.

Akwai gwaji ɗaya da nake so ki yi don hankalinki ya kwanta cewa hannunki lafiya yake. Ki samu kofin fom irin na masu shayi, ki zuba 25 cm³ na asid ɗin HCl mai ƙarfin mol ɗaya a lita, ki ƙara masa 25 cm³ na NaOH mai ƙarfi iri ɗaya, ki rufe. Zafin zai hau da kusan digiri 6.8. Lissafi: 50 sau 4.18 sau 6.8, jul 1,421, a raba da mol 0.025, ya ba da kusan −57 kJ a kowane mol na ruwan da aka samar, daidai da littafi ko dab da shi. A nan zafin a cikin ruwan aka haife shi, babu hanyar da za a tare shi. Tarkon kawai shi ne nauyin ruwan: 50 ne, ba 25 ba, tunda duka ruwan biyu ne suka ɗumama. Kowace shekara sai na ga rabin aji sun faɗa wannan rami.

Sai dokar Hess, wadda ba ki tambaya ba amma ba za ki tsallake ta a jarrabawa ba. Germain Hess an haife shi a Geneva a 1802, ya yi aikinsa a Saint Petersburg ta ƙasar Rasha, ya fitar da dokar a 1840. Abin da ta ce: jimillar canjin entalfi ba ruwanta da hanyar da aka bi, daga ina aka tashi da ina aka sauka kawai take dubawa. In kin tashi daga Jos za ki Abuja, ko kin gangara ta Hawan Kibo kin bi Akwanga da Keffi, ko kin zaga ta Kafanchan, man da mota za ta sha zai bambanta, lokacin ma haka, amma yawan mitocin da kika sauko daga tudu zuwa ƙasa ɗaya ne.

Amfaninta yana fitowa ne inda gwaji ya gagara. Ɗauki gawayi. Kabon idan ya ƙone sarai ya zama CO₂ yana fitar da 393.5. To nawa yake fitarwa in ya tsaya a kabon monoksaid, CO? Babu mai iya ƙona gawayi ya umarce shi ya tsaya a CO kaɗai, dole a samu gauraye. Amma ana iya ƙona CO ɗin shi kansa ya zama CO₂, an kuma auna, 283 ne. Tafiyar gaba ɗaya −393.5, zangon ƙarshe −283, saboda haka zangon farko −110.5. An samu amsar ba tare da an taɓa yin gwajin ba. Ki lura da abin da lambobin nan suke faɗa: gawayin da aka hana iska bai ba da ko sulusin zafinsa ba, sannan abin da yake fitarwa guba ce marar launi marar wari. Duk lokacin sanyi a garin nan sai an ja kunnen mutane kan shiga ɗaki da kaskon gawayi a rufe ƙofa da taga, kuma wannan CO ɗin ne dalili. Kunkunniyar gindin gwangwaninki ƙanwar wannan matsala ce.

Irin tambayar da za su kawo miki ita ce ta mitan, CH₄. Za a ba ki zafin ƙonewar kabon −393.5, na haidurojin −285.8, na mitan −890.3, a ce ki nemo zafin samuwar mitan daga kabon da haidurojin. Ki zana hanyoyin biyu da hannunki, duka suna sauka a kan CO₂ da ruwa. Kabon ɗaya da H₂ biyu: −393.5 da −571.6, jimilla −965.1. Ki cire −890.3 daga ciki, saura −74.8. Shawarata kada ki haddace “na hagu a cire na dama”, domin ƙa'idar tana juyewa idan aka ba ki zafin samuwa maimakon zafin ƙonewa, kuma a zauren jarrabawa hadda ce take fara gudu. Ki zana kibiyoyi, duk kibiyar da kika bi ta baya ki juya alamarta. Kada kuma ki manta ninka haidurojin sau biyu.

Daga ina zafin yake fitowa tun asali? Daga ɗaurin da ke tsakanin atam da atam. Tsinka ɗauri yana cin ƙarfi, ƙulla sabo yana sakin ƙarfi. Na sha jin ɗalibai suna cewa ƙarfi yana fita idan aka karya ɗauri, wannan kuwa baibai ne. A ƙonewar mitan za a tsinka ɗaurin C–H huɗu, wato na kabon da haidurojin, kowanne kusan 413, da O=O biyu, kowanne 498: an kashe 2,648. Za a ƙulla C=O biyu, kowanne 805, da O–H huɗu, kowanne 464: an samu 3,466. Riba 818, wato −818. Za ki ce ai littafi ya ce −890. Dalili biyu ne. Lissafin ɗauri yana ɗauka komai iska ne, har ruwan da aka samar tururi ne, alhali −890 na ruwa ne da ya koma ruwa, kuma komawar mol biyu tana ƙara sakin kusan 88. Na biyu, lambobin ɗaurin matsakaita ne da aka tattaro daga sinadarai daban-daban, C–H na mitan ba daidai yake da na itanol ba. Teburin littafinki ma zai iya bambanta da nawa da ɗaya ko biyu, ki yi aiki da wanda aka ba ki.

Wani abin sha'awa, ki jera dangin alkohol: mitanol −726, itanol −1367, furofan-1-ol −2021, butan-1-ol −2676. Kowane mataki ƙarin kusan 650 ne, domin kowane mataki ƙarin CH₂ ɗaya ne, ɗauri iri ɗaya ake tsinkawa, iri ɗaya ake ƙullawa. Wannan ya kawo mu ga kwalabenki, don a can ma ɗauri ake nema. Duk gwajin da ake yi wa sinadarin kabon tambaya ce guda: wane irin ɗauri ne a jikinka?

Kin ce da kika ɗiga fotasiyam daikuromet mai asid kika ɗumama, kwalba A da B sun juya daga ruwan lemo zuwa kore, C da D ba su motsa ba. Da kika yi gwajin ayodofom, wato aidin da NaOH, A da C sun ba da laka ruwan ɗorawa mai warin asibiti, B da D shiru. Sai kika ce gwajin bai yi ba.

'Yata, ai kin gama aikin ba ki sani ba. Kina jiran gwaji ɗaya ya nuna miki kwalba ɗaya da yatsa, su kuwa gwaje-gwajen nan raba jama'a suke yi gida biyu, ke ce za ki haɗa amsoshin. Daikuromet tambayarsa ita ce: wa zai yarda a ƙara masa oksijin cikin sauƙi? Alkohol na farko irin itanol ya yarda, aldihaid irin furofanal ya yarda, kiton irin furofanon ya ƙi, asid ma ya ƙi. Don haka A da B su ne itanol da furofanal, ba mu dai san wanne ne wanne ba. Ayodofom kuma tambayarsa: wa ke da CH₃ manne da C=O na kiton ko aldihaid, ko manne da kabon mai ɗauke da OH da H? Itanol yana da shi, furofanon yana da shi, furofanal ba shi da shi domin C₂H₅ ne a gefen nasa. A ta amsa duka biyun, itanol ce. B ta yi kore ba ta yi ɗorawa ba, furofanal. C ta yi ɗorawa ba ta yi kore ba, furofanon. D da ta yi kunnen uwar shegu da duka biyun, asid ɗin itanoyik ce. Kada tsarin CH₃CO da ke jikin asid ɗin ya yaudare ki, ba ya ba da ayodofom, kuma masu shirya jarrabawa suna son wannan tarkon.

Sai dai ni ba zan sa hannu a kan D don kawai ta yi shiru ba. Ruwan famfo ma zai yi shiru. Ana so kowace kwalba ta faɗi sunanta da bakinta. Ki barbaɗa wa D ɗan sodiyam haidurojin kabonet, bekin soda ke nan, za ki ga kumfa tana tashi, iskar kuma in kin bi da ita cikin ruwan kalsiyam haidiroksaid zai yi fari kamar an ɗiga madara. Abin da kike gani in an jefa kanwa cikin ruwan tsamiya ke nan. Da ni ne ma da wannan zan fara, don ya fi kowanne arha da sauri, ya kuma cire kwalba ɗaya daga layi nan take.

Ga B kuma, Tollens. Wannan gwajin ko sau ɗari na yi shi ba ya gundura ta. Ki samu kwalbar gwaji mai tsabta ƙal, ki zuba silba naitiret, ɗigo ɗaya na NaOH, laka mai ruwan ƙasa ta fito, sai ki riƙa ɗiga amoniya kaɗan-kaɗan kina girgizawa har lakar ta narke, ki tsaya nan. Ki ƙara ɗigo biyu ko uku na B, ki tsoma kwalbar cikin ruwan ɗumi, ki ƙyale ta, kada ki girgiza. Bayan 'yan mintoci jikin gilashin zai fara dusashewa, ya yi toka-toka, can sai ki ga fuskarki a ciki. Azurfa ce ta gaske ta kwanta a bango. In kwalbar tana da maiƙo ko kin cika amoniya, baƙar laka kawai za ki samu ko ki tashi a tutar babu. Furofanon ba zai yi komai ba. Abu ɗaya da ba na wasa da shi: ruwan Tollens a take ake haɗa shi, a take ake zubar da shi da ruwa mai yawa. In ya kwana yana iya zama abin fashewa. Daikuromet ma guba ne mai iya jawo ciwon daji, kada ya taɓa fata, kuma ruwayen kwalabenki huɗun nan duk masu kama wuta ne, a cikin ruwan zafi ake ɗumama su, ba a kan harshen wuta ba.

Inda babu silba naitiret, don yana da tsada, ruwan Fehling zai yi: shuɗi ne, aldihaid yana mai da shi laka ja kamar jan bulo. Sinadarin Brady, 2,4-DNPH, shi kuma yana ba da laka ruwan lemo da aldihaid da kiton duka, wato B da C, ya bar A da D. Kin ga shi ma biyu zai nuna miki. Amfaninsa na gaske shi ne in aka tace lakar aka tsarkake ta aka auna digirin da take narkewa, teburi zai faɗa miki ainihin wane aldihaid ko kiton ne.

Wata shekara a wata makaranta da na koyar, na ba ɗalibai furofanal daga wata tsohuwar kwalba da ta daɗe a sito, murfinta ya saki. Da suka zuba bekin soda sai ga kumfa. Yaran suka rubuta asid, ni kuma na ɗauki jan biro zan soke, sai wata yarinya ta ce, “Malam, wallahi ya yi kumfa, zo ka gani.” Na je na gani. Iska ta daɗe tana shiga kwalbar, ta mai da wani ɓangare na aldihaid ɗin asid ɗin furofanoyik. Yaran sun fi takardar da ke manne a kwalbar gaskiya. Tun daga ranar ba na fitar da sinadari ga ɗalibai sai na gwada shi da kaina da daddare ko da sassafe.

Sauran gwaje-gwajen zan bi ta kansu da sauri, tunda ba sa cikin kwalabenki. Ruwan buromin, mai launin lemo, yana washewa ya zama kamar ruwa in ya haɗu da ɗauri biyu na C=C. Ki rubuta “marar launi”, kada ki rubuta “ya yi fari” ko “ya yi garau”. Finol ma yana washe shi amma da farar laka, kuma finol yana ba da launin shunayya da FeCl₃. Alkohol na uku, irin 2-mitailfurofan-2-ol, ba ya juya daikuromet. Mai halojin a jiki kuma a ɗumama shi da NaOH, a kashe ragowar da asid ɗin naitirik, sannan a ɗiga silba naitiret: fari kulorin, ruwan madara buromin, ɗorawa aidin. Akwai 'yan tawaye biyu da ya kamata ki sani: asid ɗin mitanoyik yana ba da madubin Tollens duk da asid ne, benzaldihaid kuma yana ba da Tollens amma ba ya juya Fehling.

Idan za ki dogara da digirin tafasa, ki tuna inda kike zaune. Littafi ya ce furofanon 56, itanol 78, asid ɗin itanoyik 118. A Jos kowanne zai tafasa ƙasa da haka da 'yan digiri, itanol a wajen 75. A nan kam tudun namu yana da hannu dumu-dumu, saɓanin maganar ƙonewa.

A takardar jarrabawa za su iya hana ki kwalba su ba ki lambobi. Misali kabon kashi 62.1 cikin ɗari, haidurojin 10.3, oksijin 27.6. Ki raba kowanne da nauyin atam ɗinsa, 12 da 1 da 16, ki sake rabawa da mafi ƙanƙanta, za ki samu C₃H₆O, nauyi 58. Furofanal da furofanon duka C₃H₆O ne, Hassan da Husaini, don haka lissafin bai raba gardama ba. Na'urar infared, mai haska sinadari ta zana jadawalin irin ɗaurin da ke jikinsa, za ta nuna dogon kwari mai tsini a wajen 1700 zuwa 1750, alamar C=O, a wurin su biyun. Faffaɗan kwari tsakanin 3200 da 3600 na OH ɗin alkohol ne, wanda ya fi shi faɗi daga 2500 zuwa 3300 na asid ne. Na'urar auna nauyin gutsattsari za ta ba su duka 58, amma furofanon yana karyewa ya bar babban gutsure a 43, wato CH₃CO, furofanal kuma a 29. Na'urar NMR, mai nuna matsayin kowane haidurojin a jikin sinadari, ita ce mai yanke hukunci: furofanon layi ɗaya tak, don haidurojin shidan nan duk matsayinsu ɗaya, furofanal kuwa rukuni uku, ɗaya can nesa kusa da 9.8.

Na san wasu ɗalibai suna ganin wannan duk wahalar neman maki ce. Ku da kuka taso a garin nan ya kamata ku san abin da ya faru a 1990, kafin a haife ku. Tsakanin watan Yuni da Satumba na shekarar, yara 47 suka rasu a asibiti a nan Jos bayan sun sha ruwan farasitamol da aka haɗa da dayitilin gilaikol a maimakon furofilin gilaikol. Ƙodarsu ce ta daina aiki. Allah ya jiƙansu. Ruwayen biyu duka marasa launi ne, masu yauƙi, masu ɗan zaƙi, ido da harshe ba sa raba su. Amma nauyin mol na furofilin gilaikol 76 ne, na ɗayan 106. Na farkon yana tafasa a wajen digiri 188, na biyun a wajen 245. Kuma ki zana tsarin furofilin gilaikol ki gani: CH₃ manne da kabon mai OH da H, irin tsarin da ya sa kwalbarki ta A ta ba da laka ruwan ɗorawa. Dayitilin gilaikol ba shi da wannan. In an gauraya su ne, gwajin kwalba ba zai wadatar ba, sai an kai ga na'urar kuromatogirafi mai rarrabe gauraye. Bayan wannan musiba da 'yan shekaru, a 1993, aka kafa hukumar NAFDAC.

Ki koma wurin malaminku ki roƙe shi ya bar ki ki maimaita ƙona itanol ɗin sau biyu, ɗaya a buɗe kamar yadda kika yi, ɗaya da kwali a kewaye da murfi a kan gwangwani, ki kuma duba gindin gwangwanin kowane karo kafin ki goge. Kwalba D kuma ki tafi mata da bekin soda cokali ɗaya daga kicin. Ki turo mini lambobin biyu da abin da D ta yi.